Kurakuran da aka fi yi wajen kallon finafinai da wasannin daɓe masu waƙa

Ana cikin magana a fim sai jarumar ta ɓarke da waƙa, mutanen kan titi su ma su shigo suna taka rawa kaman dama jira suke, nan take hannu ya kai kan rimot an yi fowadin. Wannan shi ne uban kurakuran gabaɗaya, kuma yawancin masu cewa su fa irin finafinan nan basa burge su daga nan matsalarsu ta faro. Sun ɗauka waƙar hutu ce, labari ya tsaya yana jiran a gama a ci gaba, alhali a fim ɗin da aka tsara da kyau cikin waƙar nan ake yanke shawara, cikinta ake furta abin da baki ya kasa faɗa, wani lokacin ma cikinta ake mutuwa. Ka tsallake ta ka dawo ka tarar mutum biyu da ke gaba da juna ɗazu yanzu suna son juna, sai ka ce labarin bai da ma'ana, bayan kai ne ka yanke tsakiyarsa da hannunka.

Da can kam haka abin yake, gaskiyar masu fowadin. A farkon ƙarni na 20 yawancin wasannin Broadway, unguwar manyan zaurukan wasan daɓe a New York, waƙoƙi ne da barkwanci aka jera, labarin ɗan siriri ne kawai da aka rataya su a kai. Show Boat na 1927 ya fara sauya wannan, sannan Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein a 1943 ya kafa tsarin da ake bi har yau, wato waƙa da rawa da magana duk aiki ɗaya suke yi wa labari. Gyaran kuskuren mai sauƙi ne: duk waƙar da aka fara, ka lura da halin da mai yin ta ke ciki a baitin farko, ka sake duba shi a baitin ƙarshe. Me ya canza? In babu abin da ya canza to waƙar ce ragguwa, kana da damar yi mata tsaki. Amma sau tari zaka ga mutum ya shiga waƙa yana shakka ya fito ya ƙudurta. Musamman waƙa ta biyu ko ta uku, inda jarumi ke faɗin abin da zuciyarsa ke nema, kar ka kuskura ka taɓa ta domin duk sauran fim ɗin a kanta aka ɗora shi. Ko mutanen Disney saura ƙiris su cire irin wannan waƙar daga The Little Mermaid na 1989 saboda yara sun yi ta mutsu-mutsu lokacin da aka gwada nuna musu, da ƙyar masu aikin suka hana, kuma da an cire ta da babu wanda zai gane dalilin da yasa yarinya mai jelar kifi zata bada muryarta dan ta samu ƙafafu.

Sai masu cewa "haba, wa ke waƙa a tsakiyar kasuwa a zahiri?" Babu. Amma kuma a zahiri babu kiɗan da ke tashi in mugu ya shigo ɗaki, kuma baka taɓa ƙorafi a kan wannan ba a finafinan faɗa. Kowane fim mai waƙa yana kafa dokarsa cikin mintuna goma na farko, aikinka shi ne ka gano dokar. Akwai wanda mutane ke magana sannan in abin ya fi ƙarfin magana su koma waƙa, in ya fi ƙarfin waƙa su koma rawa, irin su West Side Story. Akwai wanda babu magana sam, komai rerawa ake daga farko har ƙarshe, kaman fim ɗin Faransa na Jacques Demy na 1964, Les Parapluies de Cherbourg, inda har makanikai a gareji waƙe hirarsu suke yi, minti biyar na farko zaka ji wani banbaraƙwai, daga nan kunnenka ya saba ka manta ma waƙa ake. Chicago na 2002 kuma dabara daraktan ya yi, waƙoƙin a cikin kan jarumar suke faruwa, mace ce da ke mafarkin zama tauraruwa saboda haka ko kotu da kurkuku a dandamali take ganinsu.

Wanda ya fi kowa iya wasa da wannan doka a ganina shi ne darakta Bob Fosse a Cabaret na 1972. Labarin a Berlin yake, 1931, dab da hawan 'yan Nazi mulki, kuma kusan duk waƙoƙin a cikin wani kulob na dare ake yinsu, a kan dandamali, gaban 'yan kallo, har ka saki jiki cewa waƙa a nan ta 'yan kulob ce. Kwatsam sai a kai ka wani wurin shaƙatawa a ƙauye da rana tsaka, wani yaro kyakkyawa ya miƙe ya fara rera wata waƙa mai sanyi a kan daji da kogi, kamara na kan fuskarsa, a hankali ta gangaro ƙasa sai ga tambarin Nazi ɗaure a damtsensa. Kiɗan ya fara kauri, mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna amshi, samari, 'yan mata, iyaye, fuskoki sun murtuke, wani tsoho ne kawai ya ƙi tashi yana zaune yana kawar da kai. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba a sin ɗin amma wallahi sai tsigar jikinka ta tashi. Mai fowadin kuwa ya wuce wurin, a ƙarshe ya ce fim ɗin 'yan rawa ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga masu zaton duk fim mai waƙa na yara ne ko na soyayyar shan minti. West Side Story da gawa yake ƙarewa. Sweeney Todd na Stephen Sondheim, 1979, labarin wanzami ne mai yanka wuyan masu zuwa aski. Sarafina! na Mbongeni Ngema, wanda aka fara a Johannesburg a 1987 ya je Broadway a 1988 kafin a yi fim ɗinsa a 1992, a kan boren ɗaliban Soweto ne da 'yan sandan mulkin wariyar launin fata. Fela! da aka yi a Broadway a 2009 har da sin ɗin da sojoji suka far wa gidan mawaƙi Fela Kuti. Saboda haka kafin ka kunna wa yara ka duba tukuna, jin ana waƙa ba shaida ba ce.

Kuskuren da ya fi cin mutane ba tare da sun sani ba shi ne sauraron kiɗa a bar kalmomi. Kana kaɗa kai, karin ya maka daɗi, amma baka san abin da ake faɗa ba, to rabin labarin ya wuce ka. Ka kunna rubutun ƙasa ko da kana jin Turanci rangaɗau, dan ko 'yan asalin harshen basa kama komai a ji ɗaya, balle irin su Hamilton na Lin-Manuel Miranda da ake zubo kalmomi da salon rap babu numfashi. Kuma ka sa kunne ga karin da ya tafi ya dawo, nan ne gizo ke saƙar. Marubutan nan basa maimaita waƙa dan sun rasa abin rubutawa, suna dawo da ita ne a lokacin da ma'anarta ta juye. A fim ɗin The Sound of Music na 1965 Kyaftin von Trapp ya rera Edelweiss sau biyu. Na farko a falonsa, da jita, 'ya'yansa zagaye da shi, mutumin da ya daɗe da hana kiɗa a gidansa ya fara narkewa. Na biyu a dandalin biki a Salzburg, jami'an Nazi na zaune a gaba suna jiran ya sauko su tafi da shi aikin sojan ruwa, ya fara waƙar muryarsa ta sarƙe a tsakiya, matarsa ta matso ta karɓa, 'yan kallo duka suka ɗauka. Kalmomi iri ɗaya, kari iri ɗaya, amma ta farko ta gida ce ta biyu bankwana ce da ƙasa. A Hamilton kuwa dare ɗaya aka ba da labarinsa sau biyu a jere, da fari daga bakin Eliza da ta faɗa soyayya da Hamilton, jarumin wasan, sai a mayar da komai baya, 'yan rawa na warware takunsu ta baya-baya, a sake nuna daren daga idon yayarta Angelica wadda ita ma son mutumin take amma ta haƙura ta bar wa ƙanwarta. In baka bin kalmomi zaka ɗauka an sake yin bikin ne kawai. Har salon kiɗan ma magana ne, kowa a wasan yana rap ko salon zamani amma Sarki George na Ingila da tsohon salon pop na Birtaniya yake fitowa, tun kafin ka fahimci abin da yake cewa kunnenka ya gaya maka wannan ba ɗan cikinsu ba ne.

Batun murya ma ana tafka kuskure ta fuska biyu. Wasu in sun ji cewa jarumar mamin take yi sai fim ɗin ya fita ransu wai an yaudare su. To ai tsohuwar sana'a ce. A Indiya ba a ma ɓoyewa, tun daga shekarun 1940 mawaƙan bayan fage irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi sun yi suna daidai da jaruman da ke motsa baki, kowa ya san aikin raba shi aka yi. Hollywood ce ta riƙa rufa-rufa: Marni Nixon ita ta rera wa Deborah Kerr a The King and I a 1956, ta rera wa Natalie Wood a West Side Story a 1961, ta kuma rera wa Audrey Hepburn mafi yawan waƙoƙin My Fair Lady a 1964, kuma sunanta bai fito a jerin sunayen ba. Shi kansa Kyaftin ɗin da na ambata, Christopher Plummer, wani mai suna Bill Lee ne ya rera masa. Abin dariyar ma Singin' in the Rain na 1952, wanda labarinsa kacokan a kan yarinyar da ake ɓoyewa tana ara wa wata tauraruwa murya ne, shi ma a wata waƙar an ara wa yarinyar muryar wata. Abin dubawa shi ne ko fuska da murya sun zama mutum ɗaya a idonka.

Ɗaya fuskar kuma masu auna komai da zaƙin murya ne kaman gasar waƙa ake. Rex Harrison a My Fair Lady kusan magana yake yi a kan kiɗa, ba wata muryar a zo a gani, amma fitowa ya yi a matsayin wani farfesa mai ji da kai da baya barin kowa ya gama magana, kuma salon ya zauna masa daram. A Les Misérables na 2012 darakta Tom Hooper ya sa 'yan wasa suka rera kai tsaye lokacin ɗauka, da ɗan abin ji a kunne ana buga musu piyano, shi yasa Anne Hathaway ke shessheƙa tana haɗiye kalmomi a babbar waƙarta, kamara ta tsaya cak a fuskarta, kanta a aske. In ka saurare ta a mota ba hoto zaka ce wasu sun fi ta iyawa, kuma gaskiya ne, amma a cikin fim ɗin mace ce da ta rasa komai, ba'a tsammanin ta rera sumul. Duk da haka ni ban ce dabarar ta yi wa kowa kyau a fim ɗin ba, akwai waɗanda da an kai su situdiyo da an rufa musu asiri.

Rawa kuwa ba'a kallonta a waya ana danne-danne. Shahararren ɗan rawan Hollywood Fred Astaire ya dage a ɗauke shi daga kai har ƙafa, a kuma rage yanka hoto, dan mai kallo ya ga jikin ne ke aikin ba mai tace hoto ba. In kana son sanin ko ɗan wasa ya iya rawa da gaske ka duba ko ana nuna ƙafafunsa da fuskarsa lokaci guda, da kuma tsawon lokacin da kamara ke ɗauka bata yanke ba. Sannan ka tambayi kanka me rawar ke cewa. Farkon West Side Story mintuna ake kwashewa kusan babu magana, samari na ƙyasta yatsu suna tafiya a titi, kafaɗa a buɗe, tafiyar na rikiɗewa tana zama rawa a hankali, kafin wani ya buɗe baki mai tsara rawar Jerome Robbins ya riga ya gaya maka su wa ke riƙe da unguwar da kuma su wa suka zo ƙwace ta.

Akwai kuma rigimar da bata ƙarewa tsakanin 'yan daɓe da 'yan fim, kowa na auna ɗaya da ma'aunin ɗayan. Daɓe da tunaninka yake aiki. A The Lion King na Julie Taymor da aka fara a 1997 kana ganin mutum ƙiri-ƙiri a kan dogayen sanduna kuma kana ganin raƙumin dawa, duka biyun a lokaci guda, daɗin ke nan. Kamara kuwa bata san wannan yarjejeniyar ba, komai take nunawa sai ido ya ɗauke shi da gaske, shi yasa Cats da ya shekara 21 ana yinsa a Landan, mutane sanye da kayan kyanwa ba wanda ya damu, da aka maida shi fim a 2019 aka liƙa wa 'yan wasa gashi da kwamfuta sai ya koma abin tsoro ya sha ƙasa. Haka in ka ga fim ya sauya wa waƙa wuri kar ka yi saurin cewa an ɓata. West Side Story na 1961 ya musanya wuraren waƙoƙi biyu, ya dawo da ta barkwancin kafin kisan ya kai mai zafin bayansa, kuma da yawa na ganin hakan ya fi dacewa. Wasan daɓe galibi kashi biyu ne da hutu a tsakiya, ana rufe kashin farko da waƙa mai ƙarfi dan mutane su dawo kujerunsu, fim bai da wannan hutun dole ya sake lissafi, Wicked ma raba shi biyu aka yi, na 2024 ya tsaya daidai inda labule ke sauka a wasan 2003. In baka da halin zuwa zauren wasa ka nemi wanda aka ɗauka da kyau da kamarori da yawa, kaman Hamilton da aka ɗauka a 2016 aka saki a Disney+ a 2020. Bidiyon da wani ya sata da waya daga kujerar baya, hoto na rawa sauti na amsa-kuwwa, dan Allah kar ka yanke wa wasa hukunci da shi.

Kar kuma ka ɗauki darasin tarihi daga nan. Iyalan von Trapp na gaske jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya, basu hau dutse da ƙafa ba, kuma duwatsun da ke kusa da Salzburg in ka tsallaka su Jamus zaka faɗa ba Suwizalan ba. Edelweiss ba tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ba ce, Rodgers da Hammerstein suka rubuta ta a 1959, ita ce ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin rasuwarsa a 1960. Boren da ke cikin Les Misérables na Yunin 1832 ne, ba juyin juya halin Faransa na 1789 ba, mutane da yawa suna haɗa su.

Masu raina tsofaffi da masu raina sababbi kuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tsohon fim yana tafiya a hankali, wani ma da kiɗa zalla yake buɗewa na wasu mintuna kafin a ga kowa, wannan kiɗan ba ɓata lokaci ba ne, ana ɗanɗana maka karin waƙoƙin da zasu zo ne dan in sun zo kunnenka ya gane su. Kuma eh, akwai abubuwan da zasu sosa maka rai, Al Jolson ya shafa baƙi a fuska a The Jazz Singer na 1927, a West Side Story na 1961 an shafa wa 'yan wasa hoda mai duhu har da Rita Moreno wadda ita 'yar Puerto Rico ce ta asali. Ka ga wannan ka kira shi da sunansa, amma ka sani a zamanin ne kuma Show Boat ya taɓo auren baƙi da fari, South Pacific na 1949 ya fito fili ya ce ƙiyayyar launin fata koya wa yara ake yi. Su kuma masu cewa bayan shekarun 1960 an daina abin kirki, su tuna a ƙarshen shekarun 1960 ɗin ne kamfanoni suka yi ta zuba kuɗi a manyan finafinai irin su Doctor Dolittle da Star! suna neman maimaita sa'ar The Sound of Music suka tashi a tutar babu. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da kowane zamani ya iya ita ce ka kalli West Side Story na 1961 da na Steven Spielberg na 2021 a mako ɗaya, labari ɗaya, waƙoƙi ɗaya, kuma fitowa a matsayin Anita, ɗaya daga cikin matan labarin, ta ba mata biyu kyautar Oscar shekara 60 tsakani.

In Allah ya kai ka zauren wasa na gaske, a Broadway ne ko West End na Landan ko wani wuri, ka je da wuri dan in an fara sai a tsayar da kai a ƙofa har a samu gaɓar da za'a shigar da kai. Waya a kashe, haskenta har kan dandamali ake gani. Kar ka bi waƙa da baki ko da ka haddace ta, na kusa da kai ba kai ya biya ya ji ba, tafi kuma sai an kai ƙarshen waƙa. In ka ga sanarwa cewa yau mataimaki ne zai hau a madadin babban jarumi kar ka ɓata rai ka juya, mutanen nan sau takwas suke wasa a mako, dole wani ya huta, kuma mataimakin ya san wannan daren ne damarsa, sau da yawa sai ka ga ya zage fiye da mai wurin.